Layi ɗaya a takardar bayani ya ci mini shekara uku

Har yau idan aka miƙo mini takarda aka ce in sa hannu, ko da rasit ɗin siminti ne, sai na karanta ta sau biyu. Yaran shagona a Dei-Dei dariya suke yi mini. Ba na hana su, domin ba su san abin da sa hannu ɗaya ya jawo mini ba.

Kayan gini nake sayarwa. A ƙarshen 2022, dab da shiga wahalar takardun naira, wani mutum da ya saba sayen tayil a wurina ya ce asusunsa ya samu matsala, za a turo masa naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, in karɓa masa in ba shi tsaba. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan alfarmar. Na karɓa, na ƙirga masa kuɗinsa, ya bar mini dubu ashirin na shan ruwa. Bayan wata huɗu aka rufe asusuna, sai ga waya daga wata hukumar tarayya mai binciken laifukan kuɗi, wai in zo akwai 'yan tambayoyi. Ashe kuɗin wata baiwar Allah ne aka damfara da sunan sayar mata da fili, mutumina kuwa ya yi layar zana.

Yayana ya ce, "Kada ka tafi kai kaɗai, nemi lauya." Na ce, "Haba Yaya, mai gaskiya ne yake neman lauya? Ai sai su ɗauka ina da abin ɓoyewa." Wannan magana tawa ita ce wautar da ta fi kowace tsada a rayuwata.

Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya zage ni, gara in faɗi gaskiya. Jami'in ma ruwa ya sa aka kawo mini. Hira muka yi da Hausa, shi yana rubutawa da Turanci. Can ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ba ka ji wani abu a ranka ba lokacin da ya ce a turo ta asusunka?" Na ce to, ɗan Adam ai ba ya rasa tantama, na ɗan yi mamaki, amma na san shi. Ya rubuta. Magariba ta gabato, ban ci komai ba tun safe, ya ce in sa hannu a kowane shafi in tafi gida. Turancina na kasuwa ne, rubutun kuma na hannu ne mai gudu. Na sa hannu. Ban tafi gida ba a ranar.

Sai da aka gurfanar da ni a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, lauyata ta karɓi kundin shaidun da masu gabatar da ƙara za su dogara da su, sannan ta fassara mini layin. Abin da aka rubuta shi ne: na yi zargin kuɗin ba na halak ba ne, amma na karɓa domin za a ba ni lada. Baki shi ke yanka wuya. Ta ajiye takardar ta dube ni ta ce, "Alhaji, da babu wannan layin, shaida za su mai da kai, ba wanda ake tuhuma ba." Ta bayyana mini cewa dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ba ta tsaya ga wanda ya sani kaɗai ba, ta haɗa har da wanda ya kamata a ce ya sani. Wato abin da suke bukatar tabbatarwa shi ne abin da ke cikin zuciyata, ni kuma da hannuna na miƙa musu shi. Tuhuma ta biyu ta fi ban tsoro: haɗa baki a yi damfara, ƙarƙashin dokar hana damfara ta 2006, wadda hukuncinta ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara. Wuri ɗaya kawai na tsira ba da wayona ba. Dokar 2022 ɗin ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da ta wuce naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Da kuɗin sun haura haka, da tuhuma uku ce, kuma ta ukun ba ta bukatar a leƙa zuciyar kowa. 'Yan kasuwarmu da yawa ba su san da wannan ba, kullum ana ɗaukar kuɗi a jaka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk kariyar da nake bukata tana nan a rubuce tun kafin in taka ofishin nan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, in ba shi da shi a gaban jami'in hukumar ba da agajin lauyoyi ko wani da ya amince da shi, in kuma ba ya jin Turanci a kawo tafinta ya karanta masa ya sa hannu shi ma. Bayanin amsa laifi kuma a ɗauke shi a bidiyo. Ni ba lauya, ba tafinta, ba bidiyo. Kalma huɗu ce kawai ta gagare ni: "Sai lauyana ya zo."

Beli bai yi wuyar samu a bakin alƙali ba, cika sharuɗɗan ne aiki. Mutum biyu masu tsaya mini, ɗaya babban ma'aikacin gwamnatin tarayya, ɗaya mai gida a Abuja da takardun da za a tantance, sannan in ajiye fasfona a kotu. Kwana ashirin da uku na yi a gidan gyaran hali kafin a gama tantancewa. A nan na san su wane ne nawa. Mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci suka daina ɗaga waya, ban ga laifinsu sosai ba, mai tsayawa wani yana sa gidansa ne a kan layi. Akwai masu yawo a harabar kotu suna tallar kansu a matsayin masu tsayawa a biya su. Barista ta ce ko kusa, in aka gano takardar bogi belin zai rushe, ga sabuwar tuhuma. Ƙarshe ƙanwar mahaifiyata ce ta kawo takardun gidanta na Kubwa. Mun ɗauka ba a karɓar mace, ashe dokar 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce ba.

Wajen wata na takwas aka yi mini tayin sulhu: in amsa ƙaramar tuhuma, in biya matar kuɗinta, a nema mini sassauci. Doka ta yarda da wannan, kuma ba na zagin wanda ya karɓa, wani lokacin ita ce hanya mafi hankali. Na kwana uku ina juyi. Asusuna a rufe, masu ba ni kaya bashi sun janye, kuɗin makarantar yara ya zo. Barista ba ta tura ni ko'ina ba, ta dai ce, "Ka sani in ka amsa, hukunci ne, sunanka zai shiga cikin waɗanda kotu ta samu da laifi, kuma alƙali ba dole ne ya tsaya a kan abin da aka yi yarjejeniya ba." Hajiyarmu ce ta yanke maganar. Ta ce, "Ka ci kuɗin nan?" Na ce a'a. Ta ce, "To kada ka ce ka ci."

Daga nan sai jira. A takarda, doka ta ce a riƙa zama kullum, ɗage zama kuma yana da iyaka. A aikace, yau shaida bai zo ba, gobe kotu na hutun shekara, jibi an taru a wani taro. Muna tsakiyar sauraron shaidu aka ɗaga alƙalinmu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka mai da fayil wurin wani, aka fara daga farko, har da sake karanta mini tuhuma. Duk zama sai na rufe shago, in biya kuɗin fitowar lauya. Na sayar da filina na Zuba da motata.

Ranar da suka zo miƙa takardar bayanin nan a matsayin shaida, a nan aka yi ainihin yaƙin. Na so in ce tilasta mini aka yi. Barista ta ce kul. Ta ce in ka ce an tilasta maka, za a buɗe shari'a cikin shari'a, a sa ka a akwatin ba da shaida a yi ta yi maka tambayoyi, ƙarya ɗaya in ta fito ta rusa duk gaskiyarka. Sai ta bi ta hanyar da ke da ƙarfi. Ta sa jami'in a gaba tana tambaya a hankali, kamar mai zare ƙaya. Da wane harshe kuka yi magana? Hausa. Ina bayanin na Hausa? Babu. Wa ya fassara? Ni. Ina sa hannun tafinta? Shiru. Akwai lauya a ɗakin? Ya ce ban nema ba. Ina bidiyo? Ya ce ba a ɗauka ba. Ta kawo hukuncin Kotun Ƙoli da ya nuna cewa waɗannan tanade-tanaden wajibi ne, ba ado ba ne. Aka ɗage don yanke hukunci a kan wannan kaɗai, mako bakwai ban yi barcin kirki ba. Alƙali ya ƙi karɓar takardar.

Da ta faɗi, sauran ba su da ƙafa. Bayanan banki sun nuna kuɗi sun shiga sun fita, wannan ban taɓa musantawa ba. Matar da aka damfara, Allah ya saka mata, ta ce ba ta taɓa ganina ba, ba ta taɓa jin muryata ba. Wani abu da ya taimaka, wanda ni ban ɗauke shi komai ba: ban goge saƙonnin WhatsApp tsakanina da mutumin ba, da muryarsa yana roƙona, ga kuma littafin shago mai nuna cinikinmu na shekara biyu. Wani abokina ya ba ni shawara tun farko in goge komai in jefar da layin, na gode wa Allah da kasala ta hana ni. Bayan sun rufe shaidunsu Barista ta roƙi kotu ta ce babu abin da zan kare kaina a kai. A 2025 kotu ta amince, aka sallame ni, ban ko shiga akwatin ba da shaida ba.

Mutane suna ta "barka, gaskiya ta yi halinta". Ina amsawa, amma a raina na san ba gaskiyata ce kaɗai ta fitar da ni ba, har da bidiyon da ba a ɗauka ba. Da an kunna kyamara, an kawo tafinta, an maimaita mini tambayar nan ta "tsakaninka da Allah", da bakina zan sake cewa na yi tantama, kuma ban san inda zan kasance yau ba. Buɗe asusun ma sai da ya ɗauki wasu watanni da wata takardar kotu.

Makon jiya wani maƙwabcina a kasuwa ya shigo a firgice, an kira shi a waya, wai ya je gobe akwai 'yan tambayoyi. Ya ce shi ba abin da ya yi, zai je ya yi musu bayani ya dawo kafin azahar. Na rufe shago, na karɓe makullin mashin ɗinsa, na kira Barista.