Kunun Iya da firijin rigakafi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin ƙaramin asibitin ƙauye ya san irin matar da nake nufi. Za ta zo da goyo, ta ce gabanta ne ke faɗuwa, ƙirjinta na zafi, barci ya ƙaurace mata. A gwada jininta bai hau ba, a yi gwajin maleriya ba komai, a duba ido da tafin hannu ba alamar ƙarancin jini. Sai a ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini don kada ta koma hannu Rabbana, bayan sati biyu ga ta nan ta dawo. A makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun an karantar da mu damuwa a takarda, har na ci jarrabawarta. Yadda take a jiki kuwa inchajinmu, wato shugaban asibitinmu, shi ne ya koya min, kuma tunda a makon nan nake barin wurin, bari in amayar da abin da ke cikina.

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta shanye gonaki a yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim, batirin tsohon firijinmu mai sola ya fara ciwo. Ni ce a kan rigakafi. Safe da yamma nake rubuta sanyin firijin a takardar da ke manne a ƙofarsa, kuma kowa ya san ƙa'idar: tsakanin digiri 2 da 8. Da na ga yana wuce 8 kafin gari ya waye, na faɗa wa inchajin da baki, na kuma rubuta masa. Ya ce a bari kuɗi su shigo. Hanya a yanke take, ba damar kai alluran wani wurin sai da babur ɗinsa, shi ma ya ce ba mai.

Ranar da masu duba aiki suka zo, ɗayarsu ta ɗaga kwalbar ɗigon foliyo ta kalli tambarin da ke jikinta. Ɗan murabba'in nan na tsakiya, wanda ya kamata ya fi da'irar haske, ya yi duhu ya saje da ita, alamar zafi ya lalata maganin. Ta ɗauki wata, haka. Ta nemi takardar ƙofar firiji, babu ita. Shi kuwa ya harɗe hannu ya ce yau ya fara jin maganar. Na ce, “Yallaɓai, ai na rubuto maka.” Ya ce, “Ina shaidarki?” Abokan aiki uku suna tsaye, dukansu sun san gaskiya, amma kowa ya shafa wa nasa gemun ruwa. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire ni daga rigakafi, aka mayar da ni teburin yankan kati. Sunana ya daina fitowa a jerin masu zuwa bita, da na masu fita zagayen foliyo, wato duk inda ake samun ɗan alawus.

Ba cire ni ɗin ne ya fi ci min rai ba. Abin da ya biyo baya ne. Ina jin ƙarar babur ɗinsa daga bakin kasuwa sai gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. In kwanta da dare in yi ta maimaita maganar da ya kamata in faɗa a gaban mutanen nan, har a kira assalatu. Abinci ya fita daga raina. Na gwada jinina da kaina a ɓoye, lafiya lau yake. A lokacin na gane na zama matar nan mai goyo.

Iya mai shara ce ta fara lura. Tsohuwar ungozoma ce, ba ta iya rubuta sunanta ba, ba ta kuma taɓa tambayata me ke damuna ba. Wata safiya ta ajiye min kofin kunun tsamiya mai zafi a kan teburin kati ta ce, “'Yar nan, shanye ki ba ni kofina, ina jira.” Ta tsaya a kaina har na shanye. Washegari haka. Daga baya na tuna hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim a kan talbina, kunun sha'ir, cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Namu na gero ne, amma abu mai ɗumi ya shiga cikin da ya kwana da yunwa, kuma wani ne ya dama da kai a ransa, wannan ba ƙaramin magani ba ne.

Dabararta ta biyu ita ce ba hannu aiki. In layi ya ƙare sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar bayan asibiti, ta turo min faifan gyaɗa ko zogale ta ce in taya ta. Ba ma wata doguwar hira. Ɓare gyaɗa ba ya bukatar tunani, amma yana hana tunani wurin zama: ka matsa, ta fashe, ƙwaya gefe, ɓawo gefe. Sai in ga numfashina ya daidaita da kansa. Ita ce ta hana ni shayin dare mai kauri da ɗan goron da na koyi ci don kore kasala. Ta ce suna hana ido rufuwa. A makaranta mun san sinadarin kafin ne a cikinsu, yana ƙara bugun zuciya, amma sai da mai shara ta faɗa na daina.

Sauran kuwa ni na tsinto su ɗaya-ɗaya. Tafiya a ƙasa zuwa bakin fadama bayan la'asar, maimakon hawa acaɓa. Kashe data da ƙarfe tara, domin a zauren WhatsApp na ma'aikata inchajin yake sakin habaicinsa da dare. Rediyo a ƙasa-ƙasa, muryar sashen Hausa na BBC ko DW tana cike ɗakin. Alwala da ruwan randa idan ƙirji ya ɗau zafi, da addu'ar nan ta neman tsari daga hammi da hazan, wato damuwa da baƙin ciki. Kitso ranar Juma'a, inda za ki ɗora kai a cinyar wata ki saurari gulmar da ba taki ba. Na sayi tunkiya ma, saboda dole in tashi in ba ta harawa ko raina na so ko ba ya so.

Teburin katin da aka tura ni don a wulaƙanta ni, nan ne kowace mace take fara tsayawa. Na fara ajiye benci kusa da ni. Mai faɗuwar gaba in ta zo, bayan an tabbatar ba jini ba ne ba maleriya ba, sai in tambaye ta me ta ci yau, wa take hira da shi, yaushe rabonta da gidansu. Da yawa sai hawaye. Wata shinkafarsu ruwa ya tafi da ita, wata maigida ya tafi cirani ba aike, wata kishiya. Inchajin ya ce na mayar da asibiti majalisa, kuma babu layin hira a rajista. Gaskiyarsa, babu.

Kada dai wani ya ce na ce kunu na warkar da kowace damuwa. Wanda ya haura sati biyu ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko yake cewa gara mutuwa, ko mai jego da ta daina kula jaririnta tana surutai, wannan ba na gindin darbejiya ba ne. A rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, a haɗa shi da wani babba a gidan, kada a bar shi shi kaɗai. Haka ma wanda yake kashe damuwarsa da taramol.

Ga wadda za ta gaje ni: duk abin da kika rubuta wa na sama, ki ɗauki hotonsa a waya kafin ki miƙa. Takardar ƙofar firiji ma ki riƙa ɗauka kullum. Kada ki jira abokan aiki su yi miki shaida. Ki gaida Iya da safe kafin ki gaida kowa, kuma in ta miƙo kofi kada ki ce kin ƙoshi.

Jiya inchajin ya sa hannu a takardar miƙa aikina, ya ce in yafe masa in akwai abin da ya taɓa yi min. Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. An kawo sabon firiji bara, irin wanda ba ya amfani da batir, aka yi hoto yana tsaye a gefensa. Takardar tuhumar kuwa har yanzu tana cikin fayil ɗina, kuma da ita zan tafi sabon wurin.