Abin da Na Koya a Bayan Kyamarar Ɗan Wasa Guda

A bikin wasannin dandamali na Edinbara, wanda ya samo asali tun 1947 kuma ake yin sa kowane watan Agusta a Sikotlan, na shafe makonni uku ina kula da kyamara da fitilu ga wani ɗan wasan alkafura da ke fitowa shi kaɗai, ba ya furta ko kalma ɗaya. An gina masa ɗan ɗaki a gefe guda na dandamali, aka karkatar da kyamara da digiri 90, majigi kuma yana haska hoton a allon da ke ɗaya gefen. Idan ya kwanta a ƙasa ya tokare bango da tafin ƙafarsa, sai a gan shi tsaye a allo. Idan ya miƙe kuwa, sai ka rantse ya manne ne a jikin bango.

Da farko na ɗauka kyamarata ce ke yin aikin, sai da na zauna kusa da shi wajen gwaji na gane kuskurena. Kafin a gan shi tsaye hankali kwance, dole ya ɗage wuyansa da hannunsa daga ƙasa na tsawon mintuna, jijiyoyin cikinsa suna rawa, fuskarsa kuma ba ta nuna alamar wahala. Ƙananan abubuwa ne ke tona asiri: bakin riga yakan zube ta inda nauyi ya ja shi, gumi kuma yakan gangara zuwa kunne maimakon haɓa. Saboda haka muka ɗinke rigar a jikin wandonsa.

Wata rana, da yake 'yan mintuna kaɗan ake ba mu mu kafa kaya bayan wasan da ya gabace mu, na yi gaggawa na bar kyamarar a ɗan karkace. Layin bango ya jirkice a allo, zauren ya yi tsit a wuraren da aka saba dariya, kuma har yau abin yana damuna, domin wahalarsa ce na zubar. Daga ranar ban sake kafa ta ba sai na auna.

Na taɓa ba shi shawarar a rufe ainihin ɗakin da labule don kada a gane dabarar, ya ƙi, kuma shi ne da gaskiya. Daga wurin zamana ina ganin kawunan 'yan kallo suna juyawa, daga mutumin da ke fama a ƙasa zuwa wanda ke shawagi a allo, kuma a daidai wannan juyin ne tafi yake ɓarkewa.