Karatun Iska a Kaduna

Na tsallako iyaka ta Jibiya a cikin damunar 2022, da akwati ɗaya da buhun littattafai waɗanda kusan dukansu da Faransanci aka rubuta su, na biyo ta Katsina da Funtuwa da Zariya, na sauka a tashar Kawo bayan isha'i. Ban ɗauki kaina baƙo ba a wannan dare, domin mutumin Maraɗi ba ya ganin Najeriya a matsayin ƙasar waje. Nairarta tana yawo a kasuwarmu, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Katsina ko Kano. Abin da ya kawo ni shi ne karatun digiri na biyu a fannin da ke nazarin yadda iska ke gudana a jikin jirgin sama, bayan na gama digirin farko na fiziks a Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai. Kaduna ta dace da mai wannan buri, tun da akwai sansanin sojan sama a cikinta, ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya wadda aka kafa a 1964.

Dattijon da ya ba ni hayar ɗaki a Hayin Banki ne ya fara nuna mini cewa Hausar ma kala-kala ce. Da na tambaye shi inda zan sami kabu-kabu zuwa lakwal, wato makaranta, sai ya tsaya yana kallona, domin a wurinsa kabu-kabu mota ce, babur ɗin haya acaɓa ne, lakwal kuwa bai taɓa jin ta ba. Da ya tambaye ni abin da nake karantawa na yi ƙoƙarin fassara masa, sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce: "Ɗana, tun daga Maraɗi ka ɗauko ƙafa don ka yi karatun iska?" Na ce: "Baba, ai ita ce ke ɗauke da alhazai zuwa Makka." Daga ranar ya riƙa gabatar da ni ga abokansa na majalisa da sunan malamin iska, kuma sunan ya bi ni har masallacin unguwa.

Baƙuntar gaske a cikin aji na same ta. Turancina na karatu ne, ina fahimtar takarda amma bakina ya yi nauyi, ga shi an ɗora mini taimaka wa ɗaliban aji biyu da lissafin gwaje-gwajensu. Wata rana na rubuta nauyin iska a kan allo kamar yadda aka koya mini tun ina yaro, wato 1,225, domin a tsarin Faransanci waƙafi ake sawa inda Turanci ke sa ɗigo. Ajin ya yi tsit, sannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce da Hausa: "Malam, ashe iskar Nijar ta fi ruwa nauyi?" Tana da gaskiya. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, idan aka cika shi da ruwa kilo 1000 zai ɗauka, idan kuwa iska ce a bakin teku a sanyin digiri 15, kilo 1.225 ne kacal, ni kuma a idonsu na rubuta dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin da biyar. Na goge waƙafin na sa ɗigo, amma na shafe watanni hannuna yana komawa ga abin da ya saba, kuma har yau sai na bi kowane shafi na lissafina sau biyu kafin in miƙa.

Wannan lamba ta 1.225 ba ta Kaduna ba ce, kuma a nan ne darasin ya yi daɗi bayan an gama dariya. Garin yana kan tudu da ya kai kusan mita 600 sama da teku, kuma idan zafin bazara ya kai digiri 35, lissafi yana nuna cewa nauyin iskar ya sauko zuwa wajen 1.07. Ƙarfin da ke ɗaga fiffike ya dogara ne ga nauyin iska da faɗin fiffiken da kuma gudun jirgin, wanda idan ya ninka sau biyu ƙarfin ɗagawar zai ninka sau huɗu. Saboda haka jirgin da zai tashi da azahar a watan Afrilu dole ya ƙara gudu, ya kuma ci doguwar hanya a ƙasa, fiye da wanda zai tashi da asubahin hunturu, ko kuma a rage masa kaya.

Bincikena ya karkata ne ga hunturun kansa. Ƙurar da ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kowa ya san tana hana matuƙi ganin hanya har a soke tashin jirage. Abin da na so in auna shi ne abin da take yi wa goshin fiffike idan ta daɗe tana gogarsa ko ta manne masa. Tun 1904 Bajamushe Ludwig Prandtl ya nuna cewa akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da jikin fiffike, kuma ita ce ke yanke hukunci a kan ko iska za ta bi bayan fiffiken lami lafiya ko za ta rabu da shi. Kaushi kaɗan a goshi ya isa ya hargitsa wannan shimfiɗa da wuri, turjiyar iska ta ƙaru, ƙarfin ɗagawa ya ragu.

Na'urar gwajinmu wani dogon bututu ne mai fanka a ƙarshensa, da taga ta gilashi a tsakiya inda ake kafa ɗan guntun fiffike. Wanda ke kula da ita wani dattijo ne Bajju daga kudancin jihar, tsohon makanikin jirgi, wanda kowa ke kira Baba. Shi ne ya koya mini manna gajerun zaren ɗinki a bayan fiffiken, layi-layi, da ɗan salatif. Idan aka kunna fanka, zaren sai su kwanta luf suna kallon baya. Yana ɗaga goshin fiffiken a hankali, digiri bayan digiri, har ya kusa 15, sai na baya su fara rawa, can kuma sai su juyo gaba ɗaya suna kallon inda iskar ta fito. "Ka gani, malam," in ji shi, "ta sake shi." Na karanta wannan al'amari da Faransanci a Yamai, na sake karanta shi da Turanci a Kaduna, amma ban taɓa jin ya zauna mini a kai ba sai da na ji an faɗe shi da kalma uku na Hausa. Da muka liƙa siririn samfefa a goshin fiffiken a madadin ƙura, sai ta sake shi tun kafin a kai inda ta saba.

Daga nan na lura cewa haka ɗakin gwajin yake tafiya kullum. Ana yin lacca da Turanci, a rubuta rahoto da Turanci, amma idan ɗalibi ya rikice, ko Bahaushe ne ko Gwari ko Atyap ko Bayarben da aka haifa a Tudun Wada, Hausa ake komawa a warware masa. Wannan ya tuna mini da mutumin da jami'armu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, masanin fiziks da makamashin rana wanda ya rasu a 1991, domin tun 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyar da yara cikin harsunansu. A ganina abin da ya nema yana faruwa a Kaduna ta bayan fage, sai dai ba wanda ya yarda ya rubuta shi, shi ya sa kowane malami ke ƙirƙirar kalmominsa, su mutu a ƙofar ɗaki. Ni na buɗe wani kaye, wato littafin rubutu a Hausar gida, ina tara irin waɗannan kalmomi duk lokacin da na ji su.

Baba makaniki yana zaune ne a Sabon Tasha, ƙetaren kogi, kuma sai da na daɗe kafin in gane abin da hakan ke nufi a garin da rikicin addini na shekarar 2000 ya raba wa mazauna unguwanni. Da ya gayyace ni cin shinkafar Kirsimeti, maigidana na Hayin Banki ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in je amma in dawo kafin magariba. Na je na tarar an sayo naman daga wurin mahauci Musulmi saboda ni, an kuma ajiye mini buta da tabarma a ɗakin baƙi. Matar Baba ta yi ta tambayata ko da gaske ne a ƙasarmu ana shan fura da rana a madadin abinci.

Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, na shafe watanni ban je gida ba, har aka buɗe ta a Maris na 2024, kuma kuɗin da ake aiko mini ya riƙa zuwa da ƙyar ta hannun 'yan kasuwa. A wannan hunturu ne na shimfiɗa farantai a kan rufin ɗakina don tara ƙurar da zan gwada a maimakon samfefa. Kowace safiya maigidana kan riƙe mini tsani in hau, in kankare abin da ya taru da reza in zuba a kwalba, yana daga ƙasa yana tambaya ko yau iskar ta kawo saƙo daga gida.