Hoton mai gudu da taswira a hannu

Shagona na ɗaukar hoto yana Birnin Kebbi, kuma an fi sanina da hoton abu mai motsi: kokawa, dambe, sukuwar dawaki, da ranar da masunta ke rugawa cikin Matan Fada a Argungu. Amma aikin da ya fi neman basira a wurina shi ne tseren taswira. Wasa ne da ya taso daga ƙasashen Suwidin da Norwe, an kafa hukumarsa ta duniya a 1961. A nan malaman 'yan sikawut ne kan shirya wa yara shi a bayan gari. A ba yaro taswira da kamfas, a kafa tutoci masu ruwan lemo da fari a cikin daji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama cikin ƙanƙanin lokaci shi ya ci.

Wahalarsa ita ce babu fili guda da za ka tsaya ka ga kowa. Yara sun watsu, kowa da hanyar da ya zaɓa. Mai waya sai ya tsaya a wurin ƙarewa ya ɗauko yara a jere suna haki, ya ce ya yi aiki. Ni kuwa tun jajibiri nake karɓar taswirar daga masu shiryawa, in taka wurin da ƙafata, in ga inda dole yaro ya tsallaka kwazazzabo ko ya fito daga cikin sabara. Can nake zama. Kuma ba na zama dab da tuta, don yaro mai wayo yana hango mai kyamara ya san tutar na nan, ka ga na ɓata musu wasa ke nan. Nakan ja gefe in ɓuya, in sa wa kyamara dogon gilashi mai jawo abin da ke nesa.

A ƙasa nake kwanciya, rub da ciki. Daga nan ƙafar yaro tana fitowa a sama, ƙura na tashi a bayansa, ka ga kamar zai faɗo maka daga cikin hoton. In ina so in tsayar da shi cak, sai in sa ƙiftawar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa. In kuwa gudun nake so a gani, sai in sauko wajen 1/30, in bi shi da kyamara a hankali, shi ya fito sarai, itatuwan bayansa su zama zare-zare. Amma hoton da na fi so shi ne lokacin da yaro ya ɗaga ido daga taswira, babban yatsansa na danne da inda yake, goshi a tamuke, ya hango tuta. Taswirar dole ta fito a hannunsa, in ba haka ba ai hoton mai gudu ne kawai.

Wannan haƙurin wurin maigidana na koyo, Allah ya jiƙansa, zamanin fim mai hoto 36. A filin kokawa yakan riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, kar ka danna tukuna, dubi ƙafarsa ta hagu." Sai kuwa kaye ya zo ta nan. Har yau idona a ƙafa yake fara sauka.

Shi ya sa raina ke ɓaci in wani ya shigo shago ya ce, "Haba Malam, ai dannawa kawai kake yi, ga wani can zai yi mini a rabin kuɗin." To je ka wurinsa. Shi bai kwanta cikin ƙarangiya tun asuba ba, bai san cewa hasken hantsi ya fi na tsakar rana taushi a fuskar yaro ba, bai kwana yana goge ƙurar hunturu daga cikin kyamara ba. In an wanko nasa, fuska baƙi ƙirin, ƙafa a yanke.

Makarantar da ke shirin yin wannan wasa, ta turo mini taswirarta da wuri, ta kuma gaya mini ƙarfe nawa za a sallami yaron farko.