Hedfon mai kashe hayaniya da kukan kunne: abin da na gwada na gano

Ina da kukan kunne, irin siririn nan mai kama da fito wanda likitoci ke kira tinaitus, kuma na daɗe ina amfani da hedfon mai kashe hayaniya. Duk mai irin wannan lalura zai lura da abu guda: da zarar ka danna maɓallin kashe hayaniya ba tare da ka kunna komai ba, sai kukan ya taso kamar an ƙara masa ƙarfi. Nan ne mutane da yawa ke tsorata, su ɗauka na'urar ta yi musu ɓarna a kunne.

Ga abin da ke faruwa. A jikin hedfon akwai ƙananan makirfo da ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyar wannan ƙarar, su haɗu su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Dabarar ta fi cin sauti mai kauri wanda ba ya canzawa, kamar rugugin injin jirgi ko fanka, galibi ƙasa da Hz 1,000 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). Kukan kunne kuwa siriri ne, a wurin yawancin mutane yana sama da Hz 3,000, kuma ba daga waje yake zuwa ba. Jijiyoyin ji da ƙwaƙwalwa ne ke haifar da shi, don haka makirfo ba ya jin sa, balle ya soke shi. Abin da hedfon ya kawar shi ne hayaniyar da take lulluɓe kukan. Kamar kyandir ne: da rana ba ka damu da haskensa ba, a ɗaki mai duhu shi kaɗai ido ke gani. A 1953 masu bincike Heller da Bergman sun sa mutane masu lafiyar kunne a ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar kacal, kashi 94 cikin ɗari suka ce sun ji wani amo a kunnuwansu.

Saboda haka ba na barin hedfon a kunne ba komai a ciki. Nakan sa sautin ruwan sama ko shuuu mai laushi, in fara daga can ƙasa, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya fara cuɗanya da kukan, sai in tsaya. Ba na bari ya binne shi gaba ɗaya. Wannan shi ne tsarin da masanin kukan kunne Pawel Jastreboff ya gina maganinsa na sabar da ƙwaƙwalwa a kai: abin da ba ta ji, ba za ta saba da shi ba. In ka danne kukan da ƙara mai ƙarfi, za ka samu sauƙi na ɗan lokaci bayan ka cire, sannan ya dawo, wani lokacin ma da fushi.

Inda na ga amfanin hedfon mai kashe hayaniya na gaske shi ne cikin jirgi, jirgin ƙasa da ofis mai hayaniya. Da hedfon na yau da kullum dole ka ɗaga murya don ta rinjayi injin, da wannan kuwa rabin ma'aunin waya ya ishe ni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar baligi a desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 89 awa biyar kawai gare ka. Wayoyi da dama suna nuna wannan ma'auni, ka riƙa dubawa.

Babban haɗarin shi ne mayar da shi mafaka. Kunnen da aka hana sauti yini guda, ƙwaƙwalwa kan ƙara masa kaifin ji don ta cike giɓin, sai kukan ya fi fitowa, ƙarar cokali a faranti ma ta fara damun mutum. A ɗaki mai shiru nakan rufe tsarin kashe hayaniyar, ko in koma wanda ke shigo da sautin waje, kuma bayan kamar awa guda ina cirewa kunne ya sha iska. Da dare lasifika a gefen gado ta fi. Hedfon da ake cusawa cikin kunne yana tura dauɗa ciki, toshewar kuma tana ƙara kukan, shi ya sa na fi son mai rufe kunne duka. Nauyin da wasu ke ji kamar an danne dodon kunne yakan ragu in an sassauta ƙarfin kashe hayaniyar. Kada kuma a ɗauke shi a matsayin kariya daga harbin bindiga ko injin niƙa ƙarfe, ba don su aka yi shi ba.

In kukan a kunne ɗaya ne kawai, ko yana bugawa tare da zuciya, ko yana zuwa da jiri, a ga likitan kunne a yi gwajin ji. In kuma ji ya ɗauke farat ɗaya, ranar za a tafi asibiti, domin maganinsa a kwanakin farko ya fi aiki.