Garin da doki ya fi mutum daraja

Ban gama huce gajiyar Ingila ba, amma labarin dawakan nan ya hana ni sakat.

A Landan abin ya fara, a gidan zane-zane na National Gallery, inda shiga kyauta ce, abin mamaki a garin da ko ruwan sha sai ka lale kuɗi. Ina kutsa kai wani zaure sai ga ingarma ja a bango, ya ɗaga ƙafafun gaba, ya waiwayo yana harara ta da ido ɗaya. Ba sirdi, ba linzami, ba mahayi, ko ciyawa ba a zana masa ba. Tsayin allon ya kusa mita uku. Sunansa Whistlejacket, George Stubbs ya zana shi wajen 1762. Jijiyoyin cinyarsa har ka ji kamar ka shafa. Ashe mutumin nan wata 18 ya yi a wani ƙauye yana feɗe matattun dawaki don ya san inda kowace tsoka take. A 1997 aka saye zanen fam miliyan 11. Na fara lissafawa da naira, na haƙura.

Washegari jirgin ƙasa ya kai ni Newmarket ta Cambridge. Dawakin tsere wajen dubu uku ne a garin, har da hanyoyinsu na daban. Da sassafe na matsa gefen filin atisaye na Warren Hill da waya a hannu, wata mahayiya ta daka mini tsawa, ko sannu babu. Wani dattijo da ya tsufa a aikin barga ne ya ja ni gefe, ya tsiyaya mini shayi daga fulas ɗinsa, ya ce da safe filin na dawaki ne, ɗan Adam sai bayan ƙarfe ɗaya.

Shi ya raka ni Palace House, tsohuwar fadar Sarki Charles na Biyu, inda ake ajiye zane-zanen dawaki. A tsofaffin, dawakin na sukuwa ƙafafu huɗu a miƙe, biyu gaba biyu baya, gudun da babu dokin da ke yin sa. Sai da kyamara ta zo aka gane kuskuren.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne asali. Duk dokin tsere na jinsin da suke kira Thoroughbred, ta wajen uba ɗayan ingarmu uku yake komawa: Byerley Turk, da Godolphin Arabian kakan Whistlejacket, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Siriya a 1704. Daga tsatson Darley aka sami Eclipse, haihuwar 1764, wanda ya yi tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba. Wato jinin na gabas ne, Bature rubutu ya ƙara. Tun 1791 suke da kundin nasabar dawaki. Mu kuwa ranar hawan Sallah kowa ya san mai dokin da kuɗin kayansa, amma tambayi uwar dokin ka ji shiru.

Kasuwar gwanjon dawaki ta Tattersalls daga waje na leƙa, aljihuna bai kai ba. Abincin rana kifi da dankali, tsada ga lami. Ruwan sama ya raka ni tasha.