Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar ƙanwata

Alhamdulillah an sallamo ƙanwata daga asibiti, tana gida Tudun Wada tana ta samun sauƙi.

Abin ya fara ne kamar zazzaɓin cizon sauro, sai ga haɓo ya ƙi tsayawa, in ta wanke baki buroshi ya fito jajir, ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo sun feso mata a ƙafa kamar an barbaɗa barkono. Da aka ɗebi jini likita ya ce filatilet ɗinta ne suka sauka. Su ne ƙananan ƙwayoyin jini da ɓargo ke yi, duk inda jijiya ta fashe su ke fara taruwa su manne su toshe wurin kafin jinin ya daskare. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita (ɗan mitsitsin ma'auni) ta jini, nata ko 20,000 bai kai ba, shi ya sa har asfirin da ibufurofen aka hana ta sha don suna ƙara zubar jinin.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali, sai an ƙara mata filatilet, ga shi ba ya ajiyuwa. Jakar jinin da muka sani tana yin fiye da wata a firij, shi kuwa kwana 5 ne, kuma ba a sa shi a sanyi, na'ura ce ke ta girgiza shi a hankali. To dole sai an samu masu ba da jini a lokacin.

Wallahi mutanen Kaduna kun gama mana komai. 'Yan majalisarmu da suka cika Keke Napep da daddare, abokan Yaya daga Rigasa da Kawo, da waɗanda aka gwada aka ce ba za su iya bayarwa ba amma suka zauna da mu har asuba. Akwai wani bawan Allah da a WhatsApp kawai ya ga sanarwar, ya zo ya bayar, Hajiya ta miƙa masa kuɗin mota ya ce a saya wa yarinya lemo, har yanzu in ta tuna shi sai ta yi hawaye. Likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji, da makwabtan da ke kai mana kwanon abinci, Allah ya saka muku da Aljanna, ya jiƙan magabatanku.

Masu son zuwa dubiya don Allah a bari sai bayan la'asar, tana komawa gwajin jini da safe.